Ma'anar "Write Off": Banki Yakan Soke Bashi A Littafinsa Ba Tare Da Ya Yafe Ba

BAUCHI — A kowace shekara, idan bankuna suka fitar da rahoton ribarsu da asararsu, akan ga wasu kalmomi biyu na Turanci suna yawo a shafukan jaridu, wato "write off". Sai a ji an ce banki kaza ya yi "write off" na bashin Naira biliyan kaza. Kafin labarin ya iso rumfunan Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi, ya riga ya rikiɗe ya zama wai banki ya yafe wa mutane bashi. Daga nan wanda ake bi sai ya saki jiki, ya daina amsa takardun banki, wani ma har ya yi sadaka don godiya. Bayan shekara biyu ko uku sai ga sammaci daga kotu, ko kuwa a wayi gari an manna takardar gwanjo a ƙofar gidan da ya jinginar.

Ba laifin ɗan kasuwa ba ne kacokan, domin kuwa kalmar tana da fuska fiye da ɗaya, kuma su kansu Turawa sukan yi amfani da ita ta hanyoyi dabam-dabam. Saboda haka ya kamata a warware ta daki-daki, musamman ga waɗanda ke hulɗa da bankuna da kamfanonin inshora da kuma hukumar haraji.

Da farko dai, "write off" tana cikin wani rukunin kalmomi da malaman Turanci ke kira "phrasal verbs", wato aikatau da aka liƙa masa wata 'yar ƙaramar kalma, suka haɗu suka ba da ma'anar da ba ta cikin ko ɗayansu. Ita "write" rubutawa ce, "off" kuwa tana nuna cirewa ko rabuwa. Wanda ya fassara su ɗaya bayan ɗaya ba zai sami abin kamawa ba. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan salo. Kowa ya san ma'anar "ci", amma cin bashi daban, cin riba daban, cin amana daban, cin kasuwa kuma daban, ba kuwa wanda aka sa wa loma a baki. Haka nan sa hannu da sa ido da sa baki. Baturen da ya ji an ce wani ya ci bashi, ya tsaya neman kwanon da aka zuba bashin, shi ne daidai da Bahaushen da ya tsaya neman rubutu a cikin "write off".

Wajen furtawa ba a jin harafin farko, ana cewa "rait of" ne. A takardun banki an fi cin karo da ita a siffar abin da ya riga ya faru, wato "wrote off" ko "written off", kamar a ce "the loan has been written off". Ana iya raba kalmomin biyu a sa abin da ake magana a kansa a tsakiya, ana kuma iya barin su a haɗe: "write off the debt" da "write the debt off" duk daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakiya, a ce "write it off". Idan kuma aka ga karan ɗori tsakaninsu, wato "write-off", to ta tashi daga aikatau ta koma suna, tana nufin shi kansa abin da aka soke ko kuma adadin kuɗinsa.

Asalin kalmar daga littafin lissafi ne, tun zamanin da akawu ke riƙe shi da alƙalami da tawada. Ma'anarta ta farko, wadda kuma ita ce banki ke nufi a kusan kowane lokaci, ita ce a cire wani abu daga jerin kadarori a mayar da shi cikin asara, saboda an fid da rai zai kawo kuɗi. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne fid da rai a rubuce. Tsakanin fid da rai da yafewa kuwa akwai tafiya mai nisa, kuma duk mai rumfa ya san haka. Mai sayar da atamfa da ya ba wani kaya bashi, mutumin ya ɓace shekara uku, yakan ja layi a kan sunansa a littafi don kada ya riƙa yaudarar kansa wajen ƙidayar jarinsa. Ya fid da rai ke nan. Amma ranar da ya hango mutumin a tashar mota yana lodin kaya zuwa Azare, ba zai tsaya duba littafi ba kafin ya riƙe masa riga. Wanda ya yafe kuwa shi ne wanda ya kira mai cin bashin, ko ya aika masa, ya ce na yafe maka duniya da lahira. Wannan ba shi da sauran magana. To, idan banki ya ce "written off", da littafinsa yake magana, ba da wanda yake bi ba.

Abin tambaya shi ne, me zai sa banki ya soke bashin da bai yi niyyar bari ba? Amsar tana cikin yadda lissafin banki yake. Kuɗin da jama'a suka ajiye a banki bashi ne a kansa, ranar da suka nema tilas ya biya. Rancen da ya bayar kuwa shi ne kadararsa, daga nan yake samun kuɗin ruwa. Idan ya bar mataccen bashi cikin kadarorinsa, yana ta lissafa masa ruwa yana kiran sa riba, to zai nuna ƙiba a takarda alhali ya rame. Daga wannan ribar ta bogi zai raba wa masu hannun jari rabonsu, ya biya haraji, ya ƙara wa manyan ma'aikata alawus, duk kuwa daga kuɗin masu ajiya. Abin da ya faru ke nan a ƙasar nan bayan da aka sassauta dokokin kafa banki a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 a farkon shekarun 1990.

Don toshe wannan kafa ne Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin tantance bashi a watan Nuwamba na 1990. A sauƙaƙe, ƙa'idojin sun kasa bashin da ba a biya gida uku. Wanda ya wuce kwana 90 ba a biya uwar kuɗi ko ruwa ba, ya zama mai rauni, banki zai ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin daga ribarsa. Wanda ya kai kwana 180 ya zama abin shakka, a ware kashi 50. Wanda ya kai kwana 360 an ɗauke shi ya ɓata, a ware kuɗin gaba ɗaya. Alal misali, a ɗauka wani dillalin hatsi ya karɓi rancen Naira miliyan 10, ya biya miliyan 4, sannan kasuwa ta juya masa baya. A kan miliyan 6 da suka rage, banki zai fara ware Naira dubu 600, daga baya ya kai miliyan 3, a ƙarshen shekara ya cike miliyan 6. Ya zuwa wannan lokaci banki ya riga ya sha asarar a cikin ribarsa, abin da ya rage kawai shi ne ya share bashin da tanadin da aka yi masa daga littafi. Wannan sharewar ita ce "write off". A duk tsawon wannan aiki ba a tuntuɓi dillalin ba, ba a yage yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba, takardar gidansa kuma tana nan cikin akwatin banki.

An sake fasalin ƙa'idojin a 2010, inda aka shimfiɗa sharuɗɗan sokewar kanta, ciki har da amincewar hukumar daraktocin banki, da kuma neman izinin Babban Banki idan wanda ake bin darakta ne ko wani na cikin gida. Tun daga 2018 kuma bankuna suna bin tsarin lissafi na duniya da ake kira IFRS 9, wanda ke sa su fara yin tanadi tun bashin bai kai ga lalacewa ba. Amma ma'anar kalmar ba ta canja ba. Bashin da aka soke akan mayar da shi wani littafi na gefe, a miƙa shi ga sashen karɓo basussuka ko ga lauyoyi. Duk abin da aka karɓo daga baya, tun da an riga an lissafa shi cikin asara, yana shiga ne kai tsaye cikin riba. Ke nan banki yana da kyakkyawan dalilin bin irin wannan bashi da zafi, ba na mantawa da shi ba.

Akwai kuma masu tsammanin cewa idan bankin da ke bin su ya durƙushe ko ya canja suna, to bashin ya bi shi kabari. Tarihin Bauchi kansa ya isa misali. Inland Bank, wanda aka kafa a wannan gari a ƙarshen shekarun 1980 da hannun gwamnatin jihar, ya haɗe da First Atlantic da IMB da NUB a lokacin haɗe bankuna na 2005 zuwa 2006, suka zama First Inland Bank, wanda daga bisani ya koma FinBank. A watan Agusta na 2009 FinBank na cikin bankuna biyar na farko da Babban Banki, a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabanninsu ya kuma zuba musu Naira biliyan 420. A 2012 FCMB ya saye shi. Suna ya canja har sau uku, amma a doka duk wanda ya gaji banki yakan gaji abin da ake bin sa da abin da yake bi.

Haka abin yake ga bankin da aka rufe ɗungurungum. Lokacin da aka janye lasisin bankuna 26 a watan Janairu na 1998, Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya ta Nijeriya, wato NDIC, ita ce ta karɓi littattafansu, kuma babban aikinta shi ne ta karɓo basussuka ta biya masu ajiya. Idan dai ba a manta ba, kafin nan gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja mai lamba 18 ta 1994, wadda ta samar da kotuna na musamman don shari'ar waɗanda suka durƙusar da bankuna da waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya. An rushe kotunan a 1999 aka mayar da shari'o'in ga Babbar Kotun Tarayya. A 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON, wadda ta sayi munanan basussuka daga bankuna a kan farashi mai rahusa, ta kuma ci gaba da bin masu su cikakken kuɗin. Ko a watan Yuni na 2024, da aka janye lasisin Heritage Bank, sanarwar NDIC ta nemi waɗanda bankin ke bi su ci gaba da biya.

A shekarun 1990 mutum na iya barin bashi a wani banki a Bauchi ya je Jos ko Kano ya buɗe sabon asusu babu wanda ya sani. Wannan ƙofa ta rufe. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, da kuma dokar bayar da rahoton bashi ta 2017, sunan wanda aka soke bashinsa yana nan a rumbun kamfanonin tattara bayanan masu cin bashi, kuma duk bankin da ya je neman sabon rance zai gani. Ga mai duba takardar neman rance, kalmar "written off" a gaban sunan mutum ta fi kowace muni, domin tana nuna cewa wani banki ya bi shi har ya gaji. Bugu da ƙari, daga watan Agusta na 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun da mai cin bashi yake da shi a wani bankin, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen.

To daga ina ruɗanin ya samo asali? Daga ma'ana ta biyu, wadda 'yan jarida suka fi so. Akan yi amfani da "write off" a nufi yafewa ta haƙiƙa, musamman tsakanin gwamnatoci. Babban misali shi ne yarjejeniyar da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ƙulla a watan Oktoba na 2005 da ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi da ake kira Paris Club, lokacin Dakta Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Daga cikin kimanin Dala biliyan 30 da ake bin Nijeriya, an yafe kimanin biliyan 18, ita kuma ta biya biliyan 12.4, ta kammala a watan Afrilu na 2006. Jaridun Turanci na gida da waje sun kira wannan "write-off", gidajen rediyo suka fassara da yafe bashi, kuma fassarar daidai ce a wannan wuri. Sai dai abin lura shi ne ba kalmar ce ta yafe bashin ba. An zauna, an yi ciniki, an sa hannu, an kuma biya wani kaso mai tsoka kafin a saki sauran. Wanda ya ɗauko ma'anar Paris ya ɗora ta a kan wasiƙar manajan reshe, ya sa wa kansa hular da ba tasa ba.

Idan banki yana nufin yafewa, yana da kalmominsa na daban, kuma su ya kamata ɗan kasuwa ya nema a takarda. "Waive" ita ce barin haƙƙi da gangan, an kuma fi yin ta a kan kuɗin ruwa da tara, ba a cika taɓa uwar kuɗi ba. Idan aka daidaita cewa mutum zai biya wani kaso a rufe magana, wasiƙar za ta ce an karɓi kuɗin "in full and final settlement", wato biya na ƙarshe wanda ba sauran bi-ta-da-ƙulli. A nan ma a karanta da kyau, domin irin wannan tayi yakan zo da wa'adi, wanda ya saɓa ranar biya ko da sau ɗaya ne, ana iya dawo masa da tsohon lissafi gaba ɗaya. Maganar baki daga ma'aikacin banki, komai girman kujerarsa, ba ta tsayawa a kotu, ma'aikacin ma ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin wata ya ƙare.

Kalmar tana da 'yan uwa biyu da akan rikita su da ita. "Write down" rage darajar kadara ce a littafi ba tare da an share ta ba, kamar mai kantin da ya sayi kaya a kan Naira miliyan 5, yayinsu ya wuce, yanzu ba za su wuce miliyan 3 ba. A maganar yau da kullum kuma tana nufin rubuta abu a takarda kawai, saboda haka sai an duba wurin da ta fito. "Write back" kuwa ita ce mayar da abin da aka ware cikin riba bayan an karɓo bashin ko darajar kayan ta dawo.

Shi ma ɗan kasuwa yana da damar yin "write off" a nasa littafin, kuma da yawa ba sa yi. Mai sayar da magani da wa'adin kayansa ya ƙare, ko mai taki da ruwa ya shiga masa sito, ko dillalin da abokin cinikinsa ya karye, duk suna riƙe da kadarar da ta mutu. Barin ta cikin lissafi yana sa mutum ya ɗauka jarinsa ya fi yadda yake, ya riƙa kashe abin da ba shi da shi. Ga kamfanin da ke biyan haraji, dokar haraji ta yarda a cire bashin ciniki da ya tabbata ya mutu daga ribar da za a yanka wa haraji, amma sai an gamsar da hukuma da hujja, kamar takardun neman biya da aka aika da shaidar cewa mai cin bashin ya karye ko ya ɓace. Idan kuma aka yi sa'a kuɗin ya fito daga baya, tilas a bayyana shi cikin kuɗin shiga na wannan shekarar. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa, amma hukumar haraji takarda take karɓa.

A harkar inshora kalmar tana da wata fuskar. Motar da ta yi haɗari a hanyar Jos ko ta Ningi, idan masu kimantawa suka ga kuɗin gyaranta ya kai ko ya zarce darajarta, sai su ce ta zama "write-off". Kamfani zai biya darajar motar gwargwadon yarjejeniya, gawar motar kuma ta zama tasa. Wannan ya shafi mai cikakkiyar inshora ne kawai. Mai ƙaramar inshorar nan ta tilas da ake nuna wa jami'an hanya ba ya samun ko kwabo a kan tasa motar, domin ita tana biyan ɓarnar da ya yi wa wani ne. Daga nan ne kuma kalmar ta fita daga ofis ta shiga bakin jama'a, har akan ce an yi "write off" na ɗan siyasa ko ƙungiyar ƙwallo, wato an fid da rai da su, an daina sa su cikin lissafi.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya a duk wannan lamari shi ne mutumin da ya tsaya wa wani. Sau da yawa shi ba ya ganin wasiƙun banki, labari kawai yake ji daga wanda ya tsaya wa cewa ai an soke bashin. Alhali sa hannunsa yana nan daram, kuma yawancin takardun lamuni sun ba banki damar ya nufo shi kai tsaye ba tare da ya fara ƙure mai cin bashin ba. Haka nan magada. A shari'ar Musulunci ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, saboda haka iyalin da suka dogara da cewa an ce banki ya soke, suka raba gida da gona, suna iya tarar da cewa takardar gidan ma ba ta hannunsu.

Saboda haka wanda ya gama biya, ko aka daidaita da shi, kada ya bar banki sai da wasiƙar da ke shaida ba a bin sa komai, wadda ake kira "letter of non-indebtedness", mai ɗauke da lambar asusunsa da sa hannun jami'an da ke da izini. Ya kuma nemi banki ya sanar da kamfanonin tattara bayanai don a gyara sunansa, sannan bayan 'yan makonni ya nemi rahoton da kansa ya tabbatar. Idan akwai jingina, ya karɓi ainihin takardar mallakarsa tare da takardar sakin jingina, wato "deed of release". Tun da yake jinginar da fili a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 sai da amincewar gwamna ake yin ta, a kuma yi mata rajista, to ita ma takardar sakin sai an kai ta ofishin rajistar filaye na jihar an shigar. In ba haka ba, ranar da mai gidan ya tashi sayarwa ko ya nemi wani rancen da shi, lauyan mai saye zai duba rajista ya tarar da sunan banki yana nan a kan gidan.